Katakon Awo

Shafi na 19

Masu ƙorafin ina ja muku rai, ga shi na kawo. Ke kuma da kika cika min waya da saƙo kina roƙon in bar Auta ta ji daɗi ko na shafi ɗaya ne, ki yi haƙuri 'yar'uwa. Ni ma na so hakan, labarin ne bai yarda ba.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke: Auta ce ƙaramar 'yar marigayi kafinta. Tana zane a jikin katako da alƙalamin wuta, a wani lungu na shagon da yayanta Babba ya gada. Jiya aka tashi daga bajekolin masu sana'ar hannu, inda ta raba katinan sana'arta na katako, waɗanda ta yanka ta goge da hannunta.

*

Da murnarta ta faɗo ɗakin da safe, ko takalmi ba ta gama cirewa ba.

"Mama, ga naki. Tun kafin mutane su wawushe na ɓoye miki ɗaya."

Mama na bakin gado tana ninke wanki. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ɗan siririn katako ne, bai cika tafin hannu ba, kaurinsa bai wuce na kwali ba. A gabansa Auta ta ƙona tambarinta, ɗan ganye guda, da lambar wayarta a ƙasa. Har yanzu yana ƙamshin man da ta shafa masa.

"Iye, manyan 'yan kasuwa," in ji Mama. "To Allah ya sa albarka."

"Amin. Mama, da kin ga rububi. Kowa takarda yake miƙawa, ni kaɗai ce mai katako. Wata mata cewa ta yi ba za ta sa shi a jaka ba, a falo za ta rataye."

Mama ta yi murmushi ta juya katin.

Bayansa ba fari ba ne kamar gaban. Ya yi duhu ya yi sulɓi, irin na tsohon katakon da hannu ya daɗe yana shafa. Babban yatsanta ya bi ta kai, ya tsaya. Ya koma ya sake bi.

A tsakiya akwai wata 'yar tsaga ta wuƙa. Layi uku ne da suka haɗu a gindi ɗaya, kamar sawun ƙafar kaza.

"Wannan shi ne adon," Auta ta ce da sauri. "Ba kowa ya samu irinsa ba. Masu tsaga a baya sai wanda ya kwanta min a rai nake ba."

Mama ba ta ɗago ba.

"A ina kika samu katakon nan?"

"A shago mana."

"A ina a shagon?"

Sai lokacin Auta ta lura muryar ta canza. Mama ba mai faɗa ba ce, kowa ya sani. Idan ranta ya ɓaci ƙasa take yi da murya, har sai mutum ya matso kafin ya ji. Yanzu da ƙyar ake jinta.

"Yaya ne ya ba ni. Na ce masa ina son busasshen katako wanda ba zai lanƙwashe ba in an tsaga shi siriri. Ya shiga sito ya fito min da wani dogo."

"A naɗe da zani?"

"Ni dai ban gan shi da zani ba."

Mama ta miƙe. Wankin da ke cinyarta ya zube ƙasa, ba ta ko kalle shi ba. Ta ja mayafi ta yafa a baibai.

"Mama, lafiya? Me na yi?"

"Biyo ni."

*

Shagon bai da nisa, ƙarshen layi ne, amma Auta ta ji kamar ba za su isa ba. Tana bin bayan Mama tana lissafin abin da ta ɓata, ba ta gano komai ba. Wayarta na ta ƙara a jaka, masu son ta yi musu aiki tun jiya ba su bar ta ta huta ba. Ta kashe sautin.

Babba yana kan injin tsaga katako, gashin idonsa duk gari. Da ya hango su ya kashe injin.

"Mama, yau da wuri haka? Ko abincin ne ya..."

Ba ta tsaya ba. Ta wuce shi ta tura ƙofar sito. Suna jin ta tana ture falankai, tana jan gwangwanayen fenti. Can ta fito riƙe da wani tsohon zani mai ruwan toka, a ninke tsaf, babu komai a ciki.

Ta ajiye shi a kan teburin aiki. Ta ɗora katin a kai, bayansa a sama.

Babba ya kalli katin. Na rantse muku har fuskarsa sai da ta canza launi a ƙarƙashin garin katakon.

Ya juyo kan Auta.

"Ina kika samo wannan? Ba na zubar da fuskar ba?"

"Wace fuska?"

"Yankan farko. Na jefa shi cikin tarkacen da za a ƙone. Wane kafinta ne yake aiki da fuskar farko?"

"Ni na tsinto shi. Ya fi duk sauran kyau, Yaya, ya za a ƙone shi?"

Ita kenan Auta. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin guntun abu a ƙasa ta wuce. Da guntayen da Babba ke sharewa ta fara sana'ar ma, har yana tsokanarta da cewa gara ce ta zo a siffar mutum. Yau ga inda tsince-tsincen ya kai ta.

"Ashe ka sani," in ji Mama. "Ina ta roƙon Allah a hanya ya sa kuskure ka yi."

Babba ya sunkuyar da kai.

"Don Allah wani ya gaya min," Auta ta ce. "Katakon mene ne?"

Mama ta ja benci ta zauna.

"Katakon gefen ƙofar ɗakinmu ne na tsohon gida. A jikinsa babanku yake auna tsawonku. Ya tsayar da yaro, ya ɗora wuƙa a kansa, ya tsaga. Na Babba layi ɗaya ne a kwance. Wannan ƙafar kazar kuwa..."

Ta kasa ƙarasawa.

Ba sai an faɗa wa Auta ba. Mutum ɗaya ne a gidansu ake fara maganarsa a kasa ƙarasawa.

Gajere. Mai bi wa Babba. Auta na 'yar mitsitsiya ya bar gida, abin da take iya tunawa kawai shi ne wani dogo yana ɗaga ta sama har ta taɓa rufi. Shi ba ya son haɗa ƙofa da taga, sassaƙa yake so, tsuntsaye da furanni a jikin katako. Baba ya ce wasan yara ne, ɓarnar katako ce. Ranar da ya sassaƙa wani abu a ƙofar da wani ya ba da a haɗa masa, Baba ya tattara kayan sassaƙarsa ya watsa waje, ya ce kada ya sake taka masa shago. Gajere ya ɗauki maganar fiye da yadda aka faɗe ta. Bai sake taka shagon ba, bai sake taka gidan ba. Har Baba ya rasu bara waccan ba a ji ɗuriyarsa ba.

"Shi ya fi kowa tsaga a jiki," Mama ta ci gaba, idonta a kan katin. "Da yake ƙanƙane ne, kullum yana bin babanku, a auna shi, a auna shi. Ko jiya aka auna, yau sai ya ce ya ƙaru. Daga nan sunan Gajere ya bi shi. Sai kuma ya tashi ya miƙe lokaci guda ya wuce kowa. Tsagar ƙarshe sai da babanku ya taka kujera ya yi ta, muna ta dariya."

Ta shafa katin.

"Da za mu tashi daga gidan, da hannunsa ya ɓanɓaro katakon. Ya ce komai za a iya bari ban da wannan. Bayan abin da ya faru kuma ya ce in fitar masa da shi daga ɗaki. Shi ne na naɗe na kawo nan."

"Ni fa, Mama?" Auta ta tambaya a hankali. "Ina ciki?"

"Ke ɗigo ɗaya ne a can ƙasa. Ranar da kika fara tsayuwa ya yi shi da bakin ƙusa."

Auta ta tuna. Ta ga ɗigon. Ta ɗauka ramin ƙusa ne, ta sa samfefa ta goge shi har ya ɓace, tana jin haushin yana ɓata mata aiki. Ta dafe bakinta da hannu. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta rasa wanda za ta fara ji.

Mama ta juya kan ɗanta.

"Me ya tsare maka?"

"Mama..."

"Wuri ya cinye maka? Ga falankai nan har rufi. Me ɗan katakon nan ya tsare maka?"

Babba ya cire safar hannunsa ya jefa kan tebur. Mutum ne da magana ke yi wa wuya, in ya yi jimla uku a jere to ranar ya yi surutu. Amma yau bakinsa ya buɗe.

"Ke ya tsare min."

"Ni?"

"Kin ɗauka ban sani ba? Kullum ki ce kin kawo min abinci. Ki ajiye kwano ko kallona ba ki yi ba, ki shige sito ki tura ƙofa. Ina nan ina ci, ina jin kukanki ta bango. Sai in kunna inji don kada masu wucewa su ji."

"To ina ruwanka da kukana?"

"Da ruwana. Ni nake kai ki asibiti in jininki ya hau. Ni likita yake kallo yana cewa a raba ki da tunani. Da me zan raba ki da shi, Mama? Tunanin a sitona yake kwance, naɗe da zani."

"Sai ka sa masa zarto."

"Na sa."

Can waje wani mai babur ya wuce yana hon.

"Na ce in ya zama kati fari tas, babu tsaga babu komai, ya tafi ya yi wa yarinyar nan amfani, ya fi ya zauna yana cin ki. Tun hawan jininki na ƙarshe ba ki ƙara shiga siton ba, na yi niyyar ranar da kika shiga in ce miki gara ce ta cinye. Ban san za ta je ta tono fuskar daga shara ba."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya so tsagar ta ɓace, ga ta yanzu ta bazu a aljihun mutanen da ba su san ma mece ce ba.

"Ɗan'uwanka ne," in ji Mama.

"Ɗan'uwana ne. Da ƙafarsa ya tafi. Ina yake lokacin da Baba ya kwanta? Wa ya ɗaga shi, wa ya kwantar? Ni ma akwai tsagata a jikin katakon nan, Mama. Layi ɗaya a kwance, kin faɗa da bakinki. Sau nawa kika taɓa shafa ta?"

Mama ta janye hannunta daga kan katin.

Gaskiya ce mai ɗaci, kuma ni dai ba zan ce Babba ya yi daidai ba, amma tausayinsa ya kama ni. Wanda ya zauna ba a cika ganinsa ba, ido yana kan hanya.

"Kai ina ganinka," ta ce daga baya. "Na san ka ci, na san ka sha, na san tsawonka. Shi ban san ko yana raye ba. Iyakar abin da na sani a kansa, inda kansa ya tsaya a jikin katakon nan. Shi ka raba ni da shi."

Babba ya juya baya ya dafa injin da hannu biyu.

Mama ta kalli Auta. Idonta a bushe yake, kuma hakan ya fi tsorata Auta a kan kuka.

"Masu tsagar nawa suka rage a wurinki?"

"Wannan ne kaɗai."

"Sauran fa?"

"Na rabar, Mama."

"Ki karɓo min."

"Mama..."

"Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki karɓo min. Zan jera su a ƙasa in haɗa da kaina. Na san wadda ke bin wata."

Auta ta durƙusa a gabanta, garin katako ya manne mata a gwiwa.

"Ban san su ba. Wallahi ban san su ba. Mutane ne suke wucewa, wanda ya tsaya ya yaba aikina in miƙa masa. Ban karɓi lambar kowa ba. Shi kati haka yake, Mama. Kai kake bayarwa, mai shi ne zai neme ka in ya ga dama."

"In bai ga dama ba fa?"

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye ne kawai suka zubo mata. Sati da sati ta yi a lungun can tana yanka, tana goge gefe don kada ya soki hannun mutum, tana ƙona ganyen nan ɗaya bayan ɗaya har yatsunta suka yi bororo. Tana yi tana cewa yau Mama za ta yi alfahari da ita. Ashe ɗan'uwanta take yayyankawa.

Hasken wayarta ya kama ta cikin jaka. Mama ta gani.

"Waye?"

"Masu son in yi musu aiki ne. Ba zan ɗauka ba."

"Ɗauki. Duk wanda ya kira ki, katin yana hannunsa. Ki sa yadda zan ji."

Auta ta share fuska ta ɗauka, ta sa a sifika. Wata mata ce mai fara'a, tana son a yi mata allon sunan shagonta na ɗinki. Auta ta bari ta gama, sannan ta tambaya da ƙyar.

"Don Allah Hajiya, katin da na ba ki, akwai tsaga a bayansa?"

"Akwai kamar wani ɗan zane, eh."

"Yana wurinki?"

Matar ta yi dariya.

"Ai kin san yara. Ina kwafe lambar ƙaramin ya ɗauka yana wasa, ya ɓalla shi biyu. Da safe aka share. Amma kada ki damu, lambar na nan a wayata."

Auta ta kashe ba tare da sallama ba. Ta kasa kallon Mama.

"Ɗaya ya tafi," in ji Mama, kamar mai magana da kanta.

Babba ya juyo. Idonsa ya yi ja.

"Mama, ki yafe min. In kin ce in bi gari gida-gida zan bi."

"Ka ajiye gafarar tukuna. Ba ni da inda zan sa ta yanzu."

Ta ɗauki katin ta sa a tsakiyar zanin, ta fara naɗewa. Zanin da ya saba rufe katako mai tsawon mutum, yau abin da ke ciki bai cika tafin hannu ba. Ta yi ta ninkawa, ta yi ta ninkawa, zanin ya ƙi ƙarewa.

Wayar ta sake haske. Baƙuwar lamba.

"Ɗauki," in ji Mama ba ta ɗago ba.

"Mama, don Allah ya isa haka."

"Na ce ki ɗauka."

Ta ɗauka. Mace ce ita ma, amma wannan babu dariya a muryarta. Ta yi sallama a ɗarare, kamar wadda aka tilasta.

"Ke ce mai katin katako? Mai ganye?"

"Ni ce."

"Ba aiki na kawo miki ba, ki yi haƙuri. Jiya na tsaya a teburinki kika ba ni kati. Mijina ma sassaƙa yake yi, shi ne na ce bari in kai masa ya ga dabara. Na ajiye masa a gefen kwanon abinci."

Ana jin kukan jariri daga nesa.

"Tun da ya juya bayansa bai ci komai ba. Bai fita aiki ba yau. Yana nan zaune ya riƙe shi, na yi tambayar duniya ya ƙi magana. Sai yanzu ya ce in kira lambar."

Hannun Mama ya tsaya a kan zanin.

Aka ji motsi, wayar ta sauya hannu. Numfashin namiji ya cika shagon, mai nauyi, yana fita da ƙyar.

"Wannan ƙafar kazar," ya ce, "ta gefen dama ta karkace. Kujerar da ya taka ce ta yi girgiɗi."

Babba ya dafa bango. Mama ta miƙe tsaye, zanin ya zame daga cinyarta, katin ya faɗi cikin garin katako.

"Ban san ko ke wace ce ba," muryar ta ci gaba. "Amma na san wanda ya ɓanɓaro katakon nan ba zai bari ya fita daga hannunsa haka kawai ba. In har ya yarda aka yanka aka rubuta lamba a jiki, to ya huce kenan. Nemana yake."

Auta ta kalli Babba. Babba ya kalli ƙusar da ke bayan ƙofa, inda rigar aikin Baba take rataye tun bara waccan, babu wanda ya iya saukewa.

"Kina jina? Ki ce masa Gajere ne. Ki ce na daɗe ina son zuwa, kunya ce ta hana ni."

Mama ta matso kusa da wayar.

"Ki ba Baba wayar. Yana kusa?"